Me Ya Sa Masu Tuƙa Jirgi a Kwamfuta Ke Roƙon a Dawo Musu da Tsofaffin Jirage?

A ranar 11 ga Nuwamba 2022 kamfanin Microsoft ya yi bikin cikar manhajarsa ta kwaikwayon tuƙin jirgin sama shekara 40. Cikin kyautar da ya raba wa masu amfani da ita, tsofaffin jirage ne suka fi yawa: jirgin 'yan'uwan nan biyu 'yan gidan Wright na 1903, da Curtiss Jenny, da Spirit of St. Louis wanda Charles Lindbergh ya ƙetare Tekun Atlantika da shi shi kaɗai a 1927, da DC-3, da ƙaton jirgin katakon Howard Hughes da sau ɗaya tak ya taɓa tashi a 1947. Jama'a sun yi murna, amma ba su ƙoshi ba. Har gobe roƙon bai yanke ba: wannan na neman VC10, wancan na neman Constellation mai wutsiya uku, wani kuma ya ce shi a ba shi Boeing 727 na gaske ko a bar shi.

Wanda bai shiga harkar ba zai yi mamaki. Ga sabbin jirage masu allon kwamfuta, masu iya sauke kansu a titi cikin hazo, me za a yi da wanda aka daina ƙerawa tun kafin a haifi mai roƙon? Kuma in har ana so, me ya hana a sa su gaba ɗaya, tunda dai zane ne a kwamfuta? Waɗannan tambayoyi biyu su ne inda ake yawan yi wa lamarin gurguwar fahimta.

Wace irin manhaja ake nufi?

Manhajar kwaikwayon tuƙi shiri ne na kwamfuta da ke lissafa yadda jirgi zai kasance a cikin iska: nauyinsa, ƙarfin injinsa, faɗin fikafikansa, zafin rana, iskar da ke bugunsa daga gefe. Sai ta zaunar da kai a ɗakin matuƙi, ta bar ka da shi. In ka ja hanci sama fiye da kima gudu zai mutu, jirgi ya faɗo. In ka manta ka sauke tayoyi, a kan ciki za ka sauka.

Manya a wannan fage ba su da yawa. Akwai Microsoft Flight Simulator da ta fara fita a 1982. Sabuwarta da ta farfaɗo da harkar ta fito a Agusta 2020, kamfanin Asobo na birnin Bordeaux a Faransa ne ya gina ta, aka kuma fitar da wata sabuwa a Nuwamba 2024. Akwai X-Plane ta kamfanin Laminar Research a Amurka, wadda ta yi suna wajen yanka fiffike gunduwa-gunduwa a lissafi tana auna iskar da ke bin kowane yanki. Akwai DCS World ta jiragen yaƙi. Sai FlightGear, wadda 'yan sa-kai ke ginawa tun shekarun 1990, kuma kyauta ce.

A bambanta waɗannan da na'urar horar da matuƙa ta gaske, irin wadda kamfanonin jirage da makarantun tuƙi ke amfani da ita. Waccan ɗaki ce guda a kan ƙafafu masu motsi, kuɗinta miliyoyin daloli, hukuma ce ke tantance ta, kuma awannin da aka yi a cikinta ana rubuta su a littafin matuƙi. Ta gida ba ta da wannan matsayi. Ko shekara goma ka yi kana tuƙi a ɗakinka ba wanda zai ba ka lasisi.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne, mafi yawan jiragen da ake tuƙawa a waɗannan manhajoji ba masu manhajar ne suka yi su ba. Ƙananan kamfanoni ne, irin su PMDG da Just Flight da A2A da iniBuilds, suke gina jirgi ɗaya-ɗaya su sayar, a ɗora shi a kan manhajar. Saboda haka idan aka ce "a sa mana jirgi kaza", galibi waɗannan ake roƙo.

Wane jirgi ne "na da"?

Ba a ajiye wata shekara da aka ce ita ce iyaka ba, amma roƙon yakan zagaya ne a kan 'yan rukunoni. Na farko jiragen fasinja masu farfela da injin fistin, daga DC-3 da ya fara tashi a Disamba 1935 zuwa DC-6 da Constellation. Na biyu jiragen jet na farko-farko: Comet da ya buɗe zamanin a 1952, Caravelle ta Faransa, Boeing 707, DC-8, VC10, 727, BAC One-Eleven, Fokker F28, DC-10, TriStar, Boeing 747 na farko, da Concorde. Sai jiragen Yaƙin Duniya na Biyu kamar Spitfire da Mustang da Lancaster, da na Tarayyar Sobiyet kamar An-2 da Tu-154. Abin da ya haɗa su duka shi ne ɗakin matuƙi cike da agoguna masu allura, kuma aikin da yau kwamfuta ke yi, a lokacin mutum ne ke yi da hannunsa da kansa.

Aikin ake nema, ba jikin jirgin kawai ba

Nan ne asalin maganar take, don haka zan ɗan daɗe.

A jirgin zamani kamar Airbus A320, matuƙi yakan shigar da hanya a kwamfutar jirgi tun yana ƙasa. Bayan tashi da kaɗan sai ya miƙa akala ga na'ura, ita ke riƙe tsayi da gudu da hanya, shi kuma yana sa ido. Wannan ci gaba ne babba, ya kuma ceci rayuka ba adadi. Amma ga wanda ya zauna gaban kwamfuta don ya ji daɗin tuƙi, bayan tashi na ɗari sai ya ga yawancin tafiyar kallo ce.

Kwatanta da tayar da injin DC-6. Injina huɗu ne, kowanne silinda 18 a jere kamar zobe. Idan irin wannan inji ya kwana, baƙin mai yakan tsiyaya ya taru a silindojin ƙasa. In ka ba shi wuta a haka, fistin zai daki man da ba ya matsuwa, ƙarfe ya lanƙwashe. Don haka sai ka fara juya farfela ba wuta, kana ƙirga ganyayenta suna wucewa ta taga, sannan ka kunna wutar fulogi, ka ɗan ba shi fetur. Ya yi tari, ya tofar da farin hayaƙi, ya kama. Idonka nan take ya koma kan agogon matsin baƙin mai. In allura ba ta motsa ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, kashe shi za ka yi. Ka maimaita har sau huɗu. A sama kuma ba hutu: kana buɗe ƙofofin murfin inji in ya yi zafi, kana rufewa in ya huce don suna ja maka gudu, kana rage fetur a gaurin mai da iska yayin da kake hawa, kana tsaron kada ƙanƙara ta toshe kafireta, abin da kan faru ko da ba a cikin sanyi ba in iska na da laima. Duk direban tsohuwar babbar mota da ya san jin ciwon inji da kunne zai gane wannan aiki.

Shi ya sa a da ba mutum biyu ne a gaba ba. Akwai injiniyan jirgi, mai kujera ta uku yana fuskantar bango guda na agoguna da makunnai, shi ke kula da mai da wuta da iskar cikin jirgi. Boeing 707 da 727 da DC-10 da 747 na farko duk da shi suke tashi. A Concorde shi ne ke tura mai daga tankunan gaba zuwa na baya yayin da jirgin ke ƙetare gudun sauti, don daidaita nauyi. Da Boeing ya fito da 747-400 a ƙarshen shekarun 1980, sai aka rage agoguna da makunnan ɗakin matuƙi daga 971 zuwa 365, kujerar injiniya kuma ta tafi. Sana'a ce guda ta shuɗe cikin shekaru kaɗan.

Haka ma neman hanya. Kafin tauraron ɗan'adam, jirgi yana bin tashoshin rediyo ne da aka kakkafa a ƙasa: allura ta nuna maka inda tashar take, kai kuma ka lissafa yadda iska ke tunkuɗa ka. A kan teku da hamada, inda babu tasha, akwai ma'aikaci na musamman mai auna taurari ta wata 'yar taga a rufin jirgi. Daga baya aka samu na'urar da ke gane wuri ta hanyar auna motsin jirgin kansa. Shahararriyarta, Delco Carousel, wurare 9 kawai take riƙewa a lokaci guda. Kana ƙasa za ka buga mata inda kake, a ce Kano, digiri 12 arewa da digiri 8 da rabi gabas, ka bar jirgi a tsaye cik har ta daidaita. A doguwar tafiya kuwa, duk wurin da ka wuce sai ka goge shi ka buga na gaba da hannu. Kuskuren lamba ɗaya ya isa ya kai ka wata ƙasa.

Na taɓa gwada tafiya daga Kano zuwa Maiduguri da DC-3 a manhaja, kusan kilomita 500, na rufe taswirar zamani, na sa hazo irin na hunturu. Agogo da kamfas da takarda kawai na riƙe. Da lokacin da na lissafa ya cika ban ga garin ba, gabana ya faɗi da gaske, ina zaune a kan kujerar roba a ɗakina. Iskar arewa maso gabas ta ja ni kudu fiye da yadda na zata. Da allurar rediyo ta farka ta nuna hagu, sai na ji wani girmamawa ga mutanen da suka yi wannan aiki da fasinjoji a bayansu wanda ban taɓa samu daga karatu ba.

Ra'ayina ke nan a kan dalilin roƙon. Gidan tarihi yana iya ajiye gangar jikin jirgi, ka je ka shafa ka ɗauki hoto. Amma yadda ake sarrafa shi, wane makunni ke bin wanne, wace allura ake tsoro, wannan yana kan mutanen da suka yi aikin ne, kuma suna ta tsufa. Manhajar da aka yi da kyau ita kaɗai ce wurin da wannan ilimi zai ci gaba da motsi.

To me ya hana a sa su?

Mutane da yawa na zaton tsohon jirgi ya fi sauƙin kwaikwaya tunda ba shi da kwamfuta. Sau da yawa akasin haka ne.

Matsala ta farko bayanai. Mai gina A320 zai samu littattafansa, ya samu matuƙa ɗaruruwa da ke tuƙa shi yau su gwada masa su ce nan ka yi daidai, nan ka kuskure. Zai iya zuwa filin jirgi da rakoda ya ɗauki ƙarar inji. Mai son gina VC10 fa? Guda 54 kacal aka ƙera, kuma rundunar sojin saman Birtaniya ta ajiye na ƙarshe a Satumba 2013. Concorde guda 20 ne, sun daina tashi tun 2003. Dole a bi gidajen tarihi ana aune-aune da hotuna, a tono tsofaffin littattafan gyara, a nemo dattawan da suka yi aiki a cikinsu. Jadawalin da ke nuna yawan man da inji ke sha a tsayi kaza da zafi kaza, in ya ɓata, sai dai ƙiyasi. Masu saye kuma ba sa yafe ƙiyasi.

Ta biyu izini. Suna da siffar jirgi dukiyar kamfani ce, kuma kamfanonin da yawa sun narke cikin wasu. Douglas mai DC-3 da DC-6 ya haɗe da McDonnell a 1967, Boeing ya haɗiye su a 1997. Vickers mai VC10 ya shige cikin BAC, haɗakar kamfanonin ƙera jirage ta Birtaniya, a 1960, aka yi ta sauye-sauye har zuwa BAE Systems na yau. Fokker ya karye a 1996. Kafin ka sayar da jirgi da sunansa sai ka gano wanda ya gaji sunan. Idan mai suna ya ba da haɗin kai kuwa abin kan yi armashi. Antonov An-225, jirgi mafi nauyi da aka taɓa ƙerawa, guda ɗaya ne a duniya, kuma an lalata shi a filin jirgin Hostomel kusa da Kyiv a Fabrairu 2022. Shekara guda bayan haka Microsoft ya fitar da shi a manhaja da yardar kamfanin Antonov, ya ce kuɗin cinikin za su tafi ga kamfanin don yunƙurin sake gina shi.

Ta uku kasuwa, kuma ita ce babba. Gina jirgi mai zurfi, wato wanda agogunansa da makunnansa ke aiki kamar na gaske, yakan ci shekaru. Ƙaramin kamfani mai ma'aikata 'yan ƙalilan zai duba ya ga masu son Boeing 737 da A320 sun ninka masu son Caravelle sau barkatai, ga shi aikin Caravelle bai fi sauƙi ba. Masu roƙon tsofaffin jirage muryarsu na da ƙarfi, amma yawansu bai kai ƙarfin muryar ba.

Akwai ta huɗu da ba a cika faɗa ba. Da yawa daga jiragen da ake roƙo an taɓa yin su. A zamanin Flight Simulator 2004 da magajiyarta FSX ta 2006, 'yan kasuwa da 'yan sa-kai sun gina tsofaffin jirage masu ɗimbin yawa. Microsoft ya rufe sashen da ke kula da manhajar a 2009, aka yi shekaru ana lallaɓa tsohuwar. Da sabuwa ta zo a 2020 an canja ginin daga tushe, tsofaffin jiragen ba sa shiga sai an sake gina su. Don haka wani roƙon ba na sabon abu ba ne, na mutum ne da ya rasa abin da ya saba da shi.

Sannan ko an sa jirgin, duniyar da ke cikin manhajar ta yau ce. Bayanan hanyoyin sama ana sabunta su duk kwana 28 kamar yadda ake yi a zahiri, kuma ƙasashe na ta kashe tsofaffin tashoshin rediyo don an koma tauraron ɗan'adam. Sai ka tashi da jirgin 1950 ka tarar tashar da zai bi babu ita. Microsoft ya gane wannan giɓi har ya dawo da filin Kai Tak na Hong Kong da aka rufe a 1998, da Meigs Field na Chicago, amma 'yan ƙalilan ne irinsu.

Inda masu sha'awar suka rabu

Ba bakinsu ɗaya ba. Wani ɓangare na cewa a ba su jirgi mai kyan gani, mai araha, wanda za su tayar da maɓalli ɗaya su sha iska a kan Dutsen Kilimanjaro. Hujjarsu ita ce ba kowa ke da awa guda ta karanta littafi kafin ya tashi ba, kuma da babu gara ba daɗi. Ɗaya ɓangaren na cewa jirgin da aka zana masa agoguna amma rabinsu ba sa aiki, ko aka ɗora masa halin wani jirgi a ƙarƙashi, gunki ne kawai. Sun ƙara da cewa in aka fitar da na sama-sama, kamfanin da ke niyyar yin mai zurfi yakan janye don an riga an cinye kasuwar.

Ni ina tare da na biyu, saboda dalilin da na faɗa a sama: in an cire aikin, an cire abin da ya sa jirgin ya cancanci a tuna da shi. Amma akwai hanyar tsakiya da ta burge ni. DC-6 na PMDG da ya fito a 2021 yana da injiniya na kwaikwayo: in ka ga dama ka ce masa ya saita injina don tashi ko don sauka, ya yi, kana kallon hannayen totur suna motsi, in ka ƙware ka sallame shi ka yi da kanka. Sabon shiga bai tsorata ba, gwani kuma bai rasa komai ba.

Wata taƙaddamar ita ce sa na'urar tauraron ɗan'adam a tsohon jirgi. Masu tashi a dandalin VATSIM, inda mutane na gaske ke zama masu ba da umarni ta rediyo, suna buƙatarta don bin hanyoyin zamani. Wasu kuma na ganin ta ɓata ɗakin. Yawancin kamfanoni yanzu sukan bar wa mai saye zaɓi. Maganar jiragen yaƙi kuwa gajeriya ce: manhajar Microsoft ba ta harbi, mai son wannan sai DCS World.

Jiragen da suka san sararin Kano

Jerin roƙon, in ka duba shi da kyau, tunanin Turai da Amurka ne, domin can masu saye suke. Amma da yawa daga jiragen da ke cikinsa sun sha ƙurar ƙasarmu, kuma wannan ba ƙaramar alaƙa ba ce.

A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na sojin saman Birtaniya, ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Helwan a Masar. Daga nan ake ƙirga tarihin jirgin sama a Najeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartoum da Kano da jirgin DH.86 mai injina huɗu. Daga Satumba 1940, lokacin yaƙi, ana kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Ghana ta yau, a harhaɗa su, su taso ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato N'Djamena, su ratsa El Geneina da El Fasher zuwa Khartoum da Alƙahira. Dubban jirage sun bi wannan hanya. Duk wanda ya sayi Hurricane ko Spitfire a manhaja yana iya bin ta zango-zango, kuma zai ratsa garuruwan da Hausawa ke zaune daga farko har kusan ƙarshe.

Bayan yaƙi Kano ta zama mashayar jiragen da ke ƙetare Sahara, na kamfanonin BOAC na Birtaniya da KLM na Holan da Sabena na Beljiyam duk suna yada zango su sha mai. Har ma ta shiga tarihin ƙirar jirgi. Zafi da tudu suna sa iska ta yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, fiffike ya rage ɗauka. Boeing 707 na farko yakan sha wuya wajen tashi da cikakken kaya daga filaye irin na Kano da Nairobi. Wannan na cikin dalilan da suka sa BOAC ya nemi a ƙera masa VC10, mai injina huɗu a manne a gindin wutsiya da fikafikai a sake, don ya tashi daga gajeren titi cikin zafin rana. Da ya fara ɗaukar fasinja a Afrilu 1964, hanyar Landan zuwa Legas aka fara ba shi. Ghana Airways ya mallake shi, Nigeria Airways ma ya yi aiki da shi. In ana son a gwada ko VC10 na manhaja na gaskiya ne, a cika shi da kaya a tashe shi daga Kano da azahar a watan Afrilu.

Sai jiragen da iyayenmu suka hau. Nigeria Airways, mai launin kore da fari da tambarin giwa mai fikafikai, ya yi aiki daga 1958 zuwa 2003 da Fokker F27 da F28 da Boeing 707 da 737 da DC-10 da A310. Kabo Air na Kano ya yi jigila da 727 da One-Eleven, ya kwashi alhazai da 747. Air Afrique, wanda Nijar da Chadi ke cikin ƙasashen da suka kafa shi a 1961, ya sauka Yamai da DC-8 da DC-10. Sudan Airways ya tuƙa Comet. Wasu daga waɗannan sun riga sun shigo manhaja: Just Flight ya fitar da F28, A310 na cikin kyautar 2022, a X-Plane kuma akwai 727 da 747-200 da aka yi da zurfi.

Sai dai a nan dole a yi hattara. Waɗannan jirage ba daɗi kaɗai suka bar mana ba. A ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. A ranar 4 ga Mayu 2002 wani One-Eleven ya faɗa unguwar Gwammaja jim kaɗan bayan tashi, ya kashe na ciki da na ƙasa. Allah ya jiƙansu. Akwai masu amfani da manhaja suna maimaita irin waɗannan haɗura a bidiyo don tara 'yan kallo. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. 'Ya'ya da jikokin waɗanda suka rasu suna nan da ransu, suna kuma riƙe da waya.

Me wannan ke nufi ga mai ƙaramin ƙarfi?

Gaskiya harkar na da tsada. Manhajar Microsoft ta 2020 an sayar da mafi arahar ta kusan dala 60, tana son kwamfuta mai ƙarfi ko Xbox, saukar da ita kuma ya haura gigabayit 100. Ta 2024 ta fi dogara da jawo taswira kai-tsaye daga intanet yayin da kake tafiya, wanda ke nufin data mai yawa da layi mai ƙarfi. Jirgi mai zurfi guda ɗaya kan iya kai kuɗin manhajar kanta. Ga wanda ke samun kuɗinsa da naira ko sefa, ga wutar da za a iya ɗaukewa kana tsakiyar Sahara, wannan ba wasa ba ne. Mafita mafi kusa ita ce FlightGear: ba a biyan ko sisi, tana tafiya a matsakaiciyar kwamfuta, in ka sauke taswirar yankinka ba ta ƙara neman intanet, kuma akwai DC-3 da 707 da Concorde a cikinta. Kyan ganinta bai kai na sauran ba, amma allurorin suna aiki.

Ga matashin da ke burin shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tsohon jirgi ya fi sabo amfani a wajen koyo. Zai tilasta masa ya fahimci kamfas da iska da lissafin mai da bin tashar rediyo, abubuwan da kwamfutar sabon jirgi ke ɓoyewa. Amma ya san iyakarta: ba ta koyar da jin jirgi a jiki, kuma malaman tuƙi kan koka cewa waɗanda suka saba da kwamfuta sukan kafe ido a kan agoguna su manta da leƙa waje.

Akwai kuma wani ɓangare da hannunmu ya kai gare shi ba tare da dala ba. Kamfani yakan gina jirgi ne ya sa masa fentin manyan kamfanonin Turai da Amurka. Fentin sauran, 'yan sa-kai ne ke zanawa su raba kyauta, kuma ba sa iya zana abin da ba su gani ba. Abin da mai zane ke buƙata kaɗan ne: hoton jirgin daga gefen dama da na hagu, da wutsiya, da lambar rajista da ke jikinsa, wadda kan fara da 5N in na Najeriya ne, 5U na Nijar, 9G na Ghana, TJ na Kamaru, TT na Chadi, ST na Sudan. Hoton da wani alhaji ya ɗauka a gindin matakalar jirgi a shekarun 1970, yana nan cikin akwati tare da tsohon fasfo, wataƙila shi kaɗai ne ya rage da ke nuna inda layin kore ya tsaya a jikin wannan jirgin da yadda aka rubuta sunansa a hanci.